Yadda Na Kankare Haƙorana da Hannuna

Ranar Talata ta farko bayan Sallar Layyar bana, da hantsi, na kama jikata Hadiza a bayan ɗakin girki tana matsa lemun tsami a kan buroshi, ga madubin kakarta jingine da turmi. Sati biyu ke nan da lokotoron haƙori, wato likita, ya cire mata ƙarafunan da suka ɗaure mata baki shekara biyu. Haƙora sun miƙe sambal, amma duk inda ƙarfe ya zauna ya bar farin tabo kamar an ɗiga alli, kuma tun ranar ba ta yi dariya ba sai da hannu a baki. Na fizge buroshin na ce, "Amarya, giɓi ɗaya ya ishi gidan nan." Ta ce, "Kai tsoho, a salula na gani, kai me ka sani?" To, ilimina na boko aji uku ne, amma a fannin lalata haƙori ban san wanda ya fi ni ba a duk Damagaram.

Ina aji biyu a lakwal, makarantar bokon ƙauyenmu, gabas da Mirriya, na gama famfara, sababbin haƙoran gaba suka fito manya kamar fartanya, kowanne da farin tabo a tsakiya. Kafin a cire gyaɗa a shekarar yara sun raɗa mini Ɓarawon Alli. In muna langa a filin lakwal da shi ake kirana, in na kora awaki bakin tafki ƴan mata masu ɗibar ruwa su rera mini shi, har a gonar gero ina korar tsuntsu sai in ji wani ya kwaɗo shi daga gonar maƙwabta. Na daina waƙa, na daina gardama, ni da ba a taɓa rufe mini baki ba. Kakata Iya Gambo ta duba ta ce, "Bar su, maigida, da su ka zo." Ban bari ba.

Kwana uku ina laɓewa bayan rumbu da tsumma. Na fara da gawayi, na koma toka, na koma yashi, daga ƙarshe na jiƙa kanwa na bi ta da lemun tsami, ina dirza, ina leƙa fuskata a ruwan ƙwarya, ina ƙara dirzawa. A rana ta uku na kurɓi ruwan randa, wani zugi ya harbe ni har tsakar kai, na yar da moɗa. Tabo kuwa yana nan, ya ƙara faɗi, ya yi kaushi a harshe.

Mai hankali nan zai tsaya. Ni sai na tuna da furen taba da Iya Gambo ke gogawa bayan ta ci goro, haƙoranta su yi jawur irin na kwalliyar matan lokacin. Na ce abin da ya ƙi fita sai a rufe shi. Na saci fure da ɓarin goro a lefenta na goge baki tas. A bakin mata jan kan tafi da asuwaki, a nawa kuwa ya shige inda na kankare ya yi zamansa. Da safe Mushe, yadda muke kiran malaminmu da Faransanci, ya tashe ni in karanta allo, na buɗe baki, ya dube ni ya cire hula ya ce, "Bonjur, Madam." Aji ya kife da dariya. Sunan nan ya bi ni har na bar lakwal, ko da yake lissafi ma ya taimaka wajen fitata. Haƙoran suka yi ta gutsirewa kaɗan-kaɗan, kafin in yi aure babu ko ɗaya.

Wannan labarin na ba Hadiza a tsaye, don na kasa zama, sannan na tasa ta gaba a adaidaita sai wurin lokotoro. Ya ce abinci ne ya riƙa maƙalewa a gefen ƙarfe har wurin ya yi laushi, tsami da dirza kuwa ƙarasa shi za su yi. Ya shafa mata wani magani mai ƙarfafa haƙori, ya rubuta man gogewa, ya hana ta alewa da lemun kwalba, ya ce ta dawo bayan ƴan watanni, in tabon bai dushe ba akwai ruwan da yake ɗurawa a ciki ya saje da sauran. Na tambaye shi ko akwai na tsofaffi. Ya leƙa bakina ya ce, "Baba, ai sai da haƙori." Hadiza ta tuntsire da dariya, hannuwanta biyu a cinya.

A zamaninmu ba mu da lokotoro, sai tsohuwa mai cewa a bari, kuma ita ce da gaskiya. Yanzu ga lokotoro ga magani, amma rashin haƙurin yaro yana nan yadda na san shi. Da na ji maganar Iya Gambo, da naman layyar bana ba a daka mini shi a turmi ba.