Sunan da Aka Ɓoye Mini

Assalamu alaikum jama'a. Na san na ɓace muku. Masu tambayar turaren wuta da nake sayarwa, da masu turo saƙon "Hajiya kin sauka kuwa?", duk na gani, kasa amsawa na yi. Yau dai na samu bakin magana.

Na sauka. Jaririyar ba ta zauna ba.

Abin ya fara ne cikina yana wata bakwai. Zobena ya ƙi fita daga yatsa, fuskata ta yi suntum, ga ciwon kai da ko na sha magani ba ya sauka. Matan layinmu a Gyadi-Gyadi suka ce ai kumburin cikin fari ne, har da masu cewa namiji zan haifa. Ni ma da son jin abin da ya yi mini daɗi, sai na tsallake awo.

Ranar da na fara ganin wasu taurari-taurari ina tsaye a kicin, maigidana ya ce ba ya son jin komai, in ɗauko mayafi.

A asibiti nas ta auna jinina, ta sake aunawa, sai na ga ta daina hira. Aka gwada fitsari. Likita ta ce, "Hawan jini ne na masu ciki. In muka jira, jijjiga za ta kama ki, mu rasa ku duka biyu." Aka yi mini wata allura mai zafi kamar an zuba barkono, aka shiga da ni tiyata. Kuɗin da muka tara na ragon suna, a nan ya tafi.

Na ji tsoro. Wallahi ban taɓa jin irinsa ba.

Da na farfaɗo aka ce mace ce, tana kwalba. Ban iya tashi ba, jinina ya ƙi sauka. Kafin in samu ƙafar zuwa ganin ta, ta koma. Aka kai ta ina kwance, ko fuskarta ban gani ba.

Da aka sallame ni na wuce gidanmu a Daurawa. Umma, mahaifiyata, ta riga ta sa an kwashe kayan jariri kaf, ko safa ba a bari ba. Ta yi ne don tausayi, na sani. Masu zuwa dubiya kuma kowa da tasa: "Ke da kike yarinya, wani zai zo." "Gara ma da ba ku shaƙu ba."

Ba mu shaƙu ba? Wata bakwai tana cikina, har shurina take yi!

Amma na bar abin a raina. Kun san al'adarmu, ɗan fari ba a nuna shi, ba a kiran sunansa gaban manya, balle a yi masa kuka a fili. Ga nono ya cika yana zuba, ga ɗinki, ga ƙwayoyin hawan jini safe da yamma. Likita ta hana ni kunun kanwa, Umma ta yi ta mita. Jikina yana warkewa, amma abinci ya daina shiga, magana ma sai dole. Babu mai ambaton yarinyar, har na fara ji kamar ciwo kawai na yi, ban haihu ba.

Wata rana da hantsi muna dawowa daga ganin likita a adaidaita sahu, muka biyo ta gefen maƙabartar Tarauni. Sai na ga maigidana ya kau da kai, leɓensa yana motsi.

Na ce, "A nan take?"

Ya ce, "A nan take."

Na ce wa direban, "Malam, don Allah tsaya." Muka sauka muka tsaya jikin katanga. Ya nuna mini wajen wata bishiyar darbejiya, ya ce duk Juma'a yana zuwa. Ashe shi kaɗai yake ɗauke da abin. Kowa ni yake yi wa sannu, shi kuwa sai dai a ce masa ya jikin mai ɗakin.

Na ce, "Da wa take kama?"

"Hancinki ne sak. Ga gashi." Sai ya ƙara da cewa, "Na yi mata huɗuba tun tana kwalba. Umma ce ta ce kada in faɗa miki, za ki fi saurin mantawa."

"Wane suna?"

"Safiyya."

A bakin titin nan na yi kukan da na daɗe ina haɗiyewa. Bawan Allah mai adaidaita ya kashe injinsa, ya jira mu har muka gama.

Ranar na ci tuwo na ƙara. Na kuma ajiye kunya na faɗi sunan a gaban Umma. Sai ta ce ita ma kafin ta haife ni ta yi ɓari, kuma har yau tana lissafa shekarun ɗan.

Yanzu jinina ya daidaita, an rage mini magani. Alhamdulillah. Na gode wa likitoci da nas-nas, na gode wa Umma da ta yi jinyata, da mutumin nan da ya riƙe ni shi ma yana ciwo.

Masu ciki, in kin ga kumburin fuska da hannu, ko ciwon kai mai naci, ko ganinki ya canza, kada ki tsaya jin ta bakin maƙwabta, ki tafi a auna jininki.

In kuma za ku je gidan da aka yi irin rashin nan, kada ku ce wani zai zo. Kada ku kwashe kayan sai kun tambaye ta. Ku yi wa uban ta'aziyya shi ma. In an sa suna, ku kira shi.

Jiya Umma ta leƙo ɗakin da kwano a hannu. Ba ta kira ni da sunana ba, cewa ta yi, "Maman Safiyya, tashi ki sha maganinki."

Na amsa.