Lawal Sifika da kiɗan da ba mai so

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan Inna ta kira ni daga ƙauyenmu, can bayan Runka: sun kashe Lawal Sifika.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai cajin waya a bakin gari, shi ne kuma mai kiɗan biki. Tsofaffi ba ya karɓar musu ko sisi. Ranar da hawan jinin Inna ya tashi, shi ya goya ta a babur har Batsari, ya zauna a bakin asibiti har aka sallame ta.

Da na dawo daga karatu a Romaniya, ya tare ni: "Anti Likita, ina tsarabata?" Na tura masa manele a memori. Kiɗan bikinsu ne, tsohuwar rawar ƙauye aka ɗora kan kibod da gangar inji, ga wata sarewa mai kuka kamar algaita ta sha yaji. Mawaƙin yana kiran sunayen manya ana masa liƙi, maroƙi sak, sai dai da kwat.

Lawal ya so shi. Shi kaɗai.

Ya gwada a wani biki, uwar amarya ta ce ko ya kashe ko ta watsa wa sifikar ruwan wanke-wanke.

Da hare-haren 'yan bindiga suka yi yawa, dattawa suka rasa abin gargaɗi. In aka sa kiɗan Hausa, mata fitowa suke su ga bikin wa ake. Sai Lawal ya ce a bar masa: duk wanda ya ji kiɗan Romaniya, ya ɗauki yaro ya shiga gona.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a tashar Safana ce, yana ɗaure sabon batir a babur. Na ce, "Malam Lawal, ka sayi jiniya mana kamar mutane."

Ya ce, "Anti, jiniya ta gwamnati ce, tsayawa kallo ake. Kiɗan naki kuwa ko ba 'yan bindiga gudunsa ake."

Na yi dariya. Ban ƙara ganinsa ba.

Jiya bayan azahar suka fito daga daji, uku-uku a kan babura. Shagonsa ne na farko a hanya, shi ya fara hango su. Babur ɗinsa na ƙofa, da makulli a jiki. Bai hau ba. Ya kunna kiɗan, ya ƙure murya, ya ɗaga sifikar ya juya ta cikin gari.

Inna ta ce tana tankaɗe ta ji. Ta ja 'ya'yan ƙanwata biyu suka faɗa cikin dawa, suka kwanta rub da ciki. Daga nan suna jin harbi, suna jin wani Bature yana kiran sunayen attajiran garinsu.

Su kuwa maharan, sautin suka bi har shagon Lawal. Suka harbe shi a ƙirji, suka sare shi da adda, suka banka wa shagon wuta. Sifikar ma sai da suka ɗirka mata harsashi kafin ta yi shiru.

Sun kora shanu. Gidajen kuwa wayam suka tarar.

Uwar amaryar nan tana cikin waɗanda suka tsira. Ita ta aiko da likkafani.

Ni na ba shi kiɗan nan. Har yanzu ban san inda zan ajiye wannan ba.

Allah ya jiƙan Lawal, ya karɓi shahadarsa, ya raya abin da ya bari. Kai da ka karanta, ban nemi layik ba. Ka yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku.