Yatsun Kawu Lucius

Kawu Lucius Tarver, mai share gidan damben unguwarmu a Louisville, yatsunsa na hagu a karkace suke, alhali bai taɓa yin dambe ba. Aikinsa tun yana saurayi shi ne naɗe hannun Cleon Bascom, ƙaton ɗan damben da ya gagari kowa a jiharmu.

Ranar da baƙaƙen fata muka fito zanga-zangar lumana, fasto ya hana Cleon bin mu. "Ɗana, kana taɓa Bature ɗaya, mu duka za a harbe."

Kawu Lucius ya ce, "Fasto, bar ni da shi. Na san hannun nan."

Ya saƙala yatsunsa cikin hannun daman Cleon, suka jera. A ƙofar wani gidan abinci, wani Bature ya tofa wa Cleon yawu a fuska. Cleon bai ɗaga hannu ba. Dunƙule hannun kawai ya yi, har ƙashin yatsun Kawu ya ce ƙas.

Yanzu in samari suka tsokani Kawu, sai ya ɗaga yatsun. "Kai, marasa kunya! Naushin Cleon mafi nauyi, ni kaɗai na sha shi."