Habu Na Ɗaya

Tun ina saurayi ake cakuɗa ni da wani Habu a Zandam. Takin ƙungiyar manoma a kai masa, goron gayyata a kai masa, ni sai ƙarar ɓarnar awakinsa.

Jiya 'yata Rabi, mai haɗa manhajar manoma, tana girka rumbun bayanai a kwamfutarta. Na ce, "Can ma haɗa mu za ki yi?"

Ta ce, "Baba, nan kowa da lambarsa, kowace gona a ɗaure da lambar mai ita. Kai ne ɗaya."

"Shi fa?"

"Biyu."

Har ƙarin tuwo na nema.

Wai gwaji ne, bai bar kwamfutarta ba tukuna. To, na'ura dai ta bambance mu. Ku mutanen Zandam da kuka san ubannimmu, me ya hana ku? Yau sai wani ya amsa min.