Shekara Ashirin da Biyu a Teburin Mis Odessa

Daga farkon Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, lokacin miƙa takardun haraji, duk Asabar ƙarfe takwas saura kwata za ka ji sandar Mis Odessa Pruitt tana ƙwanƙwasa matakalar da ke sauka ɗakin ƙasa na cocinmu a Toledo. Ko dusar ƙanƙara ta kai gwiwa sai ta zo. Ta ajiye kofinta, ta goge tabarau da gefen rigar sanyi, ta kunna kwamfuta, sannan ta dube ni ta ce, "Vernon, kujerun nan jera su ka yi, ko faɗowa suka yi?" Shekara tara ina raba wa 'yan layi lamba a bakin ƙofa, ban taɓa jera kujerun da suka gamshe ta ba.

Ta yi shekara talatin tana akawu a wani kamfanin gilashi. Da ta yi ritaya, maimakon ta miƙe ƙafa ta huta, sai ta shiga sahun masu cike wa ma'aikata masu ƙaramin albashi takardun haraji kyauta, suna nemo musu kuɗin da gwamnati ke mayar wa masu iyali. Masu goge-goge, direbobi, masu kula da tsofaffi, kowa na zuwa da takardunsa a kwalin takalmi ko ledar burodi. Bana ta cika tamanin, idonta ya fara gajiya da ƙananan rubutu, ta ce ya isa.

In faɗi gaskiya, Mis Odessa akwai nawa. Sauran masu taimakon sukan sallami mutum biyu ita tana kan ɗaya, ni kuma nake shan ƙorafin 'yan layi. Dalili kuwa ba ta farawa da takarda. Sai ta ture kwalin gefe ta ce, "Ajiye wannan tukuna. Wa da wa ke kwana a gidanka?" Na daɗe ina ɗaukar wannan son jin gulma ne irin na tsofaffi, sai da na ga abin da ya faru da Charlene Dupree.

Charlene mai dafa abinci ce a makarantar firamare. Ta zo mana shekara huɗu da suka wuce, ranta a ɓace. Mai gidan da take haya ya sayar da gidan, an ba ta zuwa ƙarshen Maris ta tashi, ga shi ba ta da kuɗin kama wani. Jikokinta biyu, Imani da Darnell, a hannunta suke tun da uwarsu ta shiga wani hali ta bar gari. Dangi har sun gama shawara: macen ta tafi wurin wata gwaggo a Detroit, namijin wurin kawu a Dayton, ita kuma ta raɓa a ɗakin ƙawarta.

Mis Odessa ta yi mata tambayar da ta saba. Charlene ta ce, "Ni da jikokina biyu."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku ke nan."

Mis Odessa ta buɗe tsofaffin takardunta, ta duba, ta sauke tabarau zuwa kan hanci. "'Yar nan, to ina yaran? A nan ke kaɗai na gani kamar mayya."

"Mama, ai ba ni da takardar kotu ta riƙonsu. An ce min in na sa sunansu ba takarda, ɗaure ni za a yi. Mai shagon da nake biya yana cike min ma bai taɓa tambaya ba."

"Wa ke dafa musu?"

"Ni."

"Wa ke tashi in sun yi zazzaɓi?"

"Ni mana."

"Akwai wani da ke sa su a tasa takardar?"

"Wa zai sa su? Ko safa babu mai saya musu."

"To wace kotu kike jira ta gaya miki jikokinki naki ne? Litinin ki shiga ofishin makarantarsu, su rubuta miki cewa a adireshinki yaran suke. Ki dawo min Asabar. Kuma kar ki zo min da kuka, ba ni da hankici."

Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Da Charlene ta dawo da wasiƙar, Mis Odessa ta cike mata takardar harajin wannan shekarar, ta kuma koma baya ta gyara na shekarun da suka wuce ɗaya bayan ɗaya. Awa biyu suka yi, 'yan layi suna ta hararata. Da ta juya mata fuskar kwamfutar, Charlene ta ga abin da za a mayar mata na wannan shekarar kaɗai, dala dubu bakwai da 'yan kai, sai ta miƙe ta ce, "Mama, kin tabbata ba sifili kika ƙara ba?"

"Na fi ki shekaru, ban fi ki wauta ba. Zauna ki sa hannu."

Ni da nake bakin ƙofa sai da na yi ƙwalla, ba na jin kunyar faɗa. Kuɗin suka shigo saura mako biyu wa'adin ya cika.

Mis Odessa, ke ce garkuwar mai ƙaramin ƙarfi. Ke ce kika san talaka ba ya faɗin duk abin da ke wuyansa sai an tambaye shi, domin a wurinsa riƙon jika ko ciyar da tsohuwar uwa ba abin rubutawa ba ne. Kin zage mu, kin gyara mana zama, amma ba ki taɓa sa wani ya ji kunyar albashinsa ba. Ko sisi ba ki karɓa ba. Wainar da aka kawo miki ta godiya ma cewa kike a kai teburin jira kowa ya ci, rabinta kuwa a cikina take ƙarewa. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Ku kuma masu karatu, ana koyar da aikin nan kyauta kowane Janairu. Ba sai ka yi akawu ba. In kana iya karatu, kana da haƙurin sauraro, akwai iyalin da ke jiranka.

Ran walimar sallamar Mis Odessa, Charlene ta karɓi lasifika ta ce ba ta iya jawabi ba. Ta ce, "Abu ɗaya zan faɗa. Jiya da safe yaran nan suka yi dambe a kan wa zai fara shiga wanka, har suka karya min ƙofar banɗaki. Na ɗauko tsintsiya zan zane su. Sai na tsaya a bakin ƙofa ina jin ihunsu, su biyu, a gida ɗaya. Mama, na kasa dukansu."