Injin Wasan Kawu Isaka

Ni ɗan mahauci ne a unguwar Zango ta garin Sokodé. Har na kai shekara goma sha tara ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Da safe in je makaranta, da yamma in taya babana tsire nama.

Sai ƙasa ta rikice. Yau zanga-zangar neman a buɗe siyasa, gobe yajin aiki, aka rufe makarantu wata da watanni. A lokacin ne ƙanen mahaifiyata, Kawu Isaka, ya sayar da keken ɗinkinsa ya sayo injin wasa, irin wanda ake haɗawa da talabijin a saka masa kaset. Ya buɗe shago, samari su biya su buga. Ni ya damƙa wa shagon.

Wallahi har yau in na tuna, haushin kaina nake ji. Wani ɗan mitsitsin mutum ne fa a cikin gilashi, yana tsalle yana faɗawa rami! Shi ya hana ni salla a kan lokaci. Na fara korar masu biya, in ce inji ya yi zafi, don in buga ni kaɗai. Daga nan na shiga aron kaset wurin 'ya'yan masu hali na unguwar Kpangalam, in buɗe in cire cikinsa, in mayar musu da matacce.

Kawu ya lura. Ya ce, "Ɗana, abin nan ya fara cin ka. Gobe ka kawo makulli, ka koma wurin babanka."

Washegari gari ya hargitse, sojoji suka cika titi, kowa ya kulle gida. Ni kuwa na buɗe shago, na cusa inji a buhu, na hau motar kaya zuwa garin Dapaong mai nisa.

Can wani mai aski a tasha ya ba ni gefen shagonsa da talabijinsa. Wai sana'a zan yi. Wace sana'a? Ni ne mai shago, ni ne mai bugawa. Ba a yi sati biyu ba wani direba ɗan unguwarmu ya gan ni, ya kai labari gida, aka sanar da hukuma.

Ina cikin wasa sai jandarmomi biyu suka tsaya a kaina. Ɗaya ya ce, "Tashi."

Ko juyowa ban yi ba. Na ce, "Don Allah ku bari in ƙarasa, saura kaɗan."

Ya dubi ɗan'uwansa, ya fizge wayar wuta daga bango. Kun ji irin wautar!

Masu kaset ma suka kai ƙara. Shekara biyu na yi a kurkuku. Sau ɗaya Kawu ya zo. Bai zage ni ba. Ya ce, "An maido inji, amma ba ya tashi. Yanzu a keken wani nake ɗinki. Uwarka ta daina zuwa gidana don kunya."

Da na fito, gidansa na fara zuwa. Na durƙusa, ya yafe, amma bai ƙara mallakar keke ba har ya rasu.

Yanzu, ku yara, ina ganinku da wayoyi, kai a sunkuye, ana kira ba kwa ji. Ban ce wasa haramun ne ba. Amma masu ƙera shi ba wawaye ba ne, sun tsara shi ne don kada ka tashi, su ci riba, kai ka ci asarar kwanakinka. Ku gwada kanku: in mahaifiyarku ta kira, ku ajiye nan take. Wanda ya ga ya kasa, ya miƙa mata wayar yau, kada ya jira mai kaki ya zo ya karɓa.