Mma Adiza, Mai Ƙwace Mini Takalmi

Yau da safe labarin ya same ni a tashar mota a Kumasi, ina riƙe da kofin koko ban ko kai baki ba. Mma Adiza ta rasu.

'Yarta Rahinatu ce ta bugo. Na ɗauka da fara'ata, a zatona barka za ta ƙara yi mini kan tseren jiya. Sai na ji muryarta ba daidai ba. Ta ce, "Fuseini, Mma ya tafi. Bayan sallan asuba."

Ban san lokacin da na zauna a kan jakata ba. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yanzu haka ina cikin mota, mun kama hanyar Tamale. An ce bayan azahar za a kai ta makwancinta, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san ba zan riski jana'izar ba. Ƙafafuna sun sandare kamar itace, ga shi ba wurin miƙe su. Tun jiya kuke turo mini saƙon murna, na gode ƙwarai. Amma kafin in amsa wa kowa, bari in gaya muku wadda ta cancanci wannan barkar.

Duk wanda ya tashi a Zogbeli ya san ta. Ita ce tsohuwar nan mai yi wa jarirai wanka, mai kula da masu jego. Rabin samarin layinmu a kan cinyarta aka fara wanke su, har da ni. Ba ita ta haife ni ba, maƙwabciyarmu ce, aminiyar mahaifiyata. Da mahaifiyata ta rasu ba wanda ya ce mata ta ɗauke ni, ita ma ba ta nemi izinin kowa ba. Kawai dai na ga kwanona ya koma gidanta.

Da na fara gudu, ba ta ɗauke shi a bakin komai ba.

"Ba a kore ka ba, ba ka yi sata ba, mene kake gudu?" Kullum sai ta tambaye ni haka.

Amma kullum tana bakin ƙofa. Ana sallame sallar asuba nake ɗaura takalmi, in bar Zogbeli, in ratsa Jisonayili, in miƙe bayan gari inda ake karo da matan Fulani suna shigowa da nono. Koci Imoro, mai horar da ni, yana biye a kan babur da gorar ruwa, yana ta faɗa kamar na ci masa abinci. Wata rana doguwar tafiya a hankali, wata rana a fili ana tsere da agogo har mutum ya ji ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa. Da yamma kuma a sake ɗan zagaye. Haka rayuwar take, ba Juma'a ba Lahadi. In na dawo kafin rana ta yi zafi, zan tarar da ita a kan kujerarta da carbi a hannu, ga koko da ƙosai an rufe da faifai.

Sai ta ce, "Ka kama shi?"

In ce, "Wa, Mma?"

"Wanda kake bi."

Ranar da na fara yin marato na gaske, kilomita arba'in da biyu cif, na dawo gida ban iya tsallake kwatar ƙofarmu ba. Masu gudu sun san abin da nake nufi. Kana son zama sai ka nemi bango, kana son tashi sai ka nemi mutum. Duk da haka washegari na lallaɓa na ɗauko takalmi, don a lokacin gani nake wanda ya huta an wuce shi.

Ta hango ni ina sauka daga dakali da baya da baya. Ta taso, ta miƙo hannu.

"Kawo."

Na ba ta, ina tsammanin dubawa za ta yi. Ta shige ɗaki da su, ta tura ƙarƙashin gadonta can bayan kwanonin da ba ta bari kowa ya taɓa. Ta fito ta ce, "Jiki da ya sha irin wannan wahala, haihuwa ya yi. Daga yau ka shiga jego."

Jama'a, kafin la'asar duk layi ya ji. Ƙato da ni, da gemuna, in fito zuwa masallaci a ce, "Mai jego, yaya jariri? Yaushe suna?" Har yau akwai masu kirana haka, kuma yau na yafe musu duka.

Jegon nan ba wasa ba ne. Ita da Koci sun raba aikin. Da farko ƙanƙara, wannan umarnin Koci ne. Tana gunaguni tana cewa, "Shi kifi ne da za a sa shi a ais?" amma ita da kanta take zuwa gidan mai firiza ta karɓo. Bayan nan sai nata. Ruwan zafi da tawul, ta gasa tun daga cinya har diddige, sannan man kaɗe. Hannun tsohuwar nan, wallahi! In yi ƙara, ta ce mata suna shan fiye da haka ba su tara mata jama'a. Sai tuwo da miyar ayoyo, farfesun ƙafar saniya, nono mai kyau da takan tare matan Fulani ta zaɓa da kanta. Sai barci. Ba ni da izinin zuwa ko'ina in ba masallaci ba.

Fita daga jegon kuma sai an ci jarrabawa. Takan kifa turmin sakwararta a tsakar gida, ta ce in hau da ƙafa ɗaya in sauko a hankali, in sake da ɗayar. Ba ƙafar take kallo ba, fuskata take kallo.

"Bakinka ya iya ƙarya," in ji ta, "fuskanka bai iya ba."

In na ɗan yamutsa fuska, ko kaɗan, takalmi ya ƙara kwana.

Shekaru muna haka. Na ga yaran da suka fi ni gudu nesa ba kusa ba, gwiwa ta cinye su tun ba su kai ko'ina ba, saboda sun gama wannan tsere sun faɗa wancan. Ni da ake yi wa dariya ina nan ina gudu.

Sai bana.

An sanar da tseren Kumasi, aka ce waɗanda suka zo a gaba za a kira su kam na ƙasa, wato sansanin horar da 'yan gudun Ghana. Ni ba yaro ba ne, na san irin wannan dama ba za ta sake zuwa mini ba. Na ba da duk abin da nake da shi a tirenin, atisaye safe da yamma. Ana cikin haka ƙwaurina na hagu ya fara magana. Tun ina shigowa layi Mma ta gane, kafin in buɗe baki. Ta danna wurin da babban yatsa, na yi tsalle.

Ta ce, "Wannan ba na man kaɗe ba ne. Asibiti."

A asibiti suka ce ƙashin bai karye ba, amma ya gaji, in na ci gaba da dukansa a kan kwalta zai tsage, kuma in ya tsage sai dai in yi kallon tseren a waya. Koci ya ce keke kawai. Mma kuwa hannu ta miƙo.

Ban taɓa shan jego mai ɗaci irin wannan ba. Abokan karawata suna ta sa hotunan tirenin, ni kuwa ina tuƙa keke zuwa Jisonayili kamar dattijo zai je gona. A hanya a tsayar da ni a ce, "Champiyon, ka aje ne?" Ba wai takalmi ya ƙare a Tamale ba. Akwai wanda ya kawo mini nasa har gida, sabo fil, ya ce in fita ta bayan layi ba wanda zai sani. Na juya shi a hannu, na ji daɗin rashin nauyinsa, na mayar masa.

Da asibiti suka ce zan iya komawa a hankali, na taho da murna har da gudu-gudu. Ta kifa turmi. Na hau, na sauko. Ta girgiza kai.

"Bai yi ba."

Na ce, "Mma, dokta ya ce ya yi!"

"Dokta ya yi aikinsa paa, sosai ma, Allah ya biya shi. Amma ka cije haƙori, na gani. Ka dawo."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na je wa Koci da ƙara, ina sa ran zai goya mini baya. Ya yi dariya ya ce ɗan ƙarin hutun ba zai kashe ni ba, kuma shi ba zai shiga ƙarƙashin gadon Mma ba ko da za a ba shi kyautar babur. Da na koma karo na biyu, na hau turmin na sauko, ta daɗe tana kallona. Sai ta durƙusa da kyar, ta jawo takalman. Ta wanke su tas, har igiyar.

Lokacin da ya rage kaɗan ne, amma ƙafar da na koma da ita sabuwa ce.

Ganinmu na ƙarshe, ranar da zan taso. Na je sallama da hantsi, na tarar da ita kwance, abin da ba ta saba ba. Ta ce zazzaɓi ne kawai da gajiya. Ta ce in miƙo mata takalman. Ta riƙe su a ƙirjinta ta yi addu'a mai tsawo, ta tofa, ta ba ni.

"Ka je ka yi. Amma aro na ba ka. In ka gama ka kawo mini kayana."

Na ce, "To, Mma."

Da na san shi ke nan, da na ƙara zama.

Jiya, bayan mun wuce kilomita talatin, inda duk abin da mutum ya ɓoye a jikinsa yake fitowa fili, na kasa kunne in ji me ƙwaurin zai ce. Shiru. Sai na fara wuce mutane ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su huta ko sau ɗaya ba tun da aka sanar da tseren. Na shigo cikin waɗanda aka kira. Ɗan Zogbeli, wanda aka wanke a kan cinyar Mma Adiza, zai sa rigar Ghana. Ina alfahari da wannan, kuma ina alfahari da ita fiye da haka.

Abin da ke sanyaya mini zuciya shi ne ta ji da kunnenta. Numfashina na daidaita na kira Rahinatu, ta kara mata wayar. Na ce, "Mma, an ɗauke ni!"

Muryarta can ƙasa, ta ce, "Ƙafa fa?"

"Lafiya lau, Mma."

"Ƙarya. Ka zo in ga fuska."

Rahinatu ta ce duk wanda ya shigo duba ta jiya da yamma, kafin ya tambayi jiki sai ta riga shi: "Kun ji? Mai jegona zai ɗauka tutan Ghana." Matar da ta yi shekaru tana tambayata wa nake bi.

Tun da muka bar Kumasi nake rungume da jakar takalman, na ƙi sa ta a but ɗin mota. Tun jiya wasu suka fara gayyatata wani ɗan gajeren tsere mako mai zuwa, wai a ga sabon ɗan kam. Ina zaune ina ta tunani, yanzu wa zai miƙo mini hannu ya ce kawo? Na san halina sarai. Na san yadda ƙafata take ƙaiƙayi in na ji ana gudu.

Muna wuce Techiman sai ga Rahinatu ta sake kira. Ga hayaniyar masu gaisuwa a bayanta.

Ta ce, "Fuseini, kada in manta. Jiya Mma ya bar mini sallahu. Ya ce in ka zo in karɓa takalmi in sa wurin da yake sawa. Ya ce kada in ji maganan bakinka koraa, ko kaɗan. Ya sa na kifa turmi, ya nuna mini inda zan tsaya in ga fuskanka."

A nan na kasa riƙe kaina. Matar da ke kusa da ni ta ba ni hankici.

Mma tana kan gadon da ba za ta tashi ba, ƙafata take tunani.

Don haka masu gayyata, ku yi haƙuri, ba za ku gan ni ba. Ba zan riski jana'izarta ba, amma yau kafin in gaisa da kowa zan mayar mata da kayanta ƙarƙashin gado. Ina jego, sai ranar da Rahinatu ta ce ya yi.

Ya Allah, ga Mma Adiza ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi. Duk jaririn da ta wanke, duk mai jegon da ta gasa wa jiki, duk marayan da ta ciyar ba a roƙe ta ba, Ka sa ta tarar da su a mizaninta. Ta hutar da mu, Ka hutar da ita a Aljanna Firdausi. Ka ba Rahinatu da mu duka haƙuri.

Duk wanda ya yi niyyar rubuta mini barka a ƙasan nan, don Allah ya juya ta addu'a ga Mma Adiza. In kun idar da azahar yau ku ambaci sunanta, ku tsaya mini a inda na kasa isa.